Wanda Aka Cire Daga Fim

Ƙarfe uku ta gota, hadari ya taso daga bakin teku ya rufe kogin Kapuas, ruwan ya yi baƙi kamar kofi. Tarmizi yana kwance igiyar kwale-kwalensa ke nan, sai ga wata budurwa ta sauko daga gadar katako da sauri, ta rungume wata baƙar jaka.

"Abang, tsallake za ni. Shagon Koh Abun."

"Shigo, Dek. Ni ma can na nufa."

A garin nan Abang yaya ne, Dek kuma ƙanwa, ko da ba a san juna ba. Ba su kai tsakiyar kogi ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tampol ɗaya ne a jirgin, shuɗi, an lulluɓe wani dogon abu da shi. Tarmizi ya ga tana ta ƙoƙarin cusa jakar a ƙarƙashin mayafinta, sai ya yaye tampol ɗin ya miƙa mata.

"Me ke ciki?"

"Kyamara. Kuma ta aro ce."

"To rufe ta."

Sai da suka sauka ta ga abin da ya bar wa ruwa. Jitarsa ce mai igiya huɗu, mai kaurin murya, wadda ake kira bes, jakarta ta jiƙe sharkaf.

"Abang, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

"Ai ita ta saba da kogi," in ji shi. Ya ɗago kai, suka haɗa ido, kowa ya yi sauri ya kalli wani wurin.

Sunanta Mawarni, 'yar Pak Ramli tela. Ta koyo aikin fim a tsibirin Jawa ta dawo gida, ƙungiyar matasan unguwa ta ara mata kyamara don ta ɗauki 'Yan Lahadi, saboda jagoransu Wak Dolah ya fara tarin da ba ya jin magani.

'Yan Lahadi ba su da wani suna sai wannan. Duk Lahadi bayan la'asar ake ture tebura a shagon kofin Koh Abun, kowa ya zo da abin kiɗansa. Ba a gwaji, ba a sa wa waƙa suna, abin da aka kaɗa yau ba za a sake jinsa ba. Wak Dolah, tsoho mai goge, shi ke buɗewa tun kafin a haifi yawancinsu, sauran su bi shi duk inda ya nufa. Da an kira magariba a tsaya, ko da a tsakiyar daɗi ne. Koh Abun ba ya salla, amma shi ke fara ɗaga hannu in ya ji ladan.

A ranar Tarmizi ya daɗe yana goge jitarsa da tsumman shago kafin ya shiga kiɗan. Ya zauna gefen Wak Dolah, kansa a ƙasa. Yopi mai babbar jita, wanda ke aikin ofis, shi ke tsaye a gaba yana karkaɗa gashi.

"Dek, ta nan ɓangaren na fi kyau," in ji Yopi.

"Ɗauke shi ta ƙeya, 'yata," in ji Wak Dolah. "Nan ne ba ya surutu."

Aka yi dariya. Da yamma saƙo ya shigo wayar Tarmizi.

"Abang Tampol, Mawarni ce. Koh Abun ya ba ni lambarka. Jitar ta warke?"

"Ta yi atishawa sau biyu, ta warke. Kyamarar fa?"

"Lafiyarta ƙalau. Ta ce in gaishe ka."

Daga nan duk Lahadi shi ke tsallakar da ita. Tana kawo masa soyayyar ayaba a ganye, shi kuma yana rage wutar inji don tafiyar ta yi tsawo. Ba mai yawan magana ba ne. Wata rana dai, suna daf da gaɓa, ya ce:

"Dek Warni, ni aji shida na tsaya. Jirgin nan da jitar nan su ne abin da nake da shi. Amma in kin yarda, ina so in riƙa tsallakar da ke har ƙarshen rayuwata."

Ta tsoma yatsunta a ruwa.

"Ka tura manya wurin Ayah, babana, Abang."

Wak Dolah ne ya je, don shi da Pak Ramli tare suka yi wasan ƙasa. Pak Ramli ya ba shi shayi, ya saurare shi har ya gama, sannan ya ajiye almakashi.

"Dolah, ka san ubana. Makaɗi ne. Yau yana Sambas, gobe yana Ketapang, uwata ta mutu tana kallon hanya. Ku kuma naku ya fi nasa, kiɗan da ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kowa na bin abin da ransa ya raya masa. Mutumin da ba ya iya maimaita abu ɗaya sau biyu, yaya zai riƙe gida? Tun da uwar Warni ta rasu ita kaɗai gare ni."

"Ramli, ka taɓa zuwa ka ji?"

"Ina ji daga tsallake. Hayaniya ce. In an gama fim ɗin zan zo in gani saboda kai. Amma maganar yaron nan a bar ta."

Mawarni ta ci kuka ta gode Allah, ta koma kan aikinta. Wata rana tana tace fim a kwamfutar da Yopi ya ara mata, ƙanwar babanta, Mak Ngah, ta tsaya a bayanta tana kallo.

"Warni, fim ɗin 'Yan Lahadi kike yi ko na mai jirgi? Ko makaho ya ga wannan ya san inda zuciyarki take. Kuma ubanki a layin gaba zai zauna, gaban duk unguwa."

Ta duba, ta ga gaskiya ne. Ko wa ta nufa da kyamara, sai hannunta ya zame ya koma kan Tarmizi. Tsoro ya kama ta. Ta bi fim ɗin tana yanke shi, wuri bayan wuri, har ya zama ana jin muryar jitarsa a ƙarƙashin kowane kiɗa amma ba a ganin mai ita. Ba ta faɗa masa ba. Kullum sai ta ce gobe.

Yopi ne ya kai labarin. Dama ya fara kai wa Pak Ramli ɗinki ba don yana buƙata ba sai don Mawarni, Pak Ramli kuma yana cewa shi Yopi ai ma'aikaci ne, kiɗan wasa ya ɗauke shi. Yopi ya sami Tarmizi a bakin gaɓa yana kwarfe ruwa daga jirgi.

"Mizi, na ga fim ɗin. Har kyanwar Koh Abun ta fito. Kai ko inuwarka babu." Ya dafa kafaɗarsa. "Kada ka ji haushi. 'Yar boko ce, za ta kai shi manyan wurare. Ka san akwai abin da ake so a kogi amma ba a shiga da shi falo."

Tarmizi ya ci gaba da kwarfar ruwansa. Da la'asar ya rubuta mata:

"Dek, an ce kin cire ni. Fim naki ne, ba na jayayya. Abu ɗaya nake so in sani. Kunyata kike ji?"

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Abin da ta iya turawa shi ne:

"Ba haka ba ne, Abang. Tsoro nake ji."

"To. Allah ya ba mu alheri."

Ranar Lahadi ta hau jirgin wani. Ta ɗauka ba zai zo ba, sai ta tarar da shi a kujerarsa gefen Wak Dolah, ya gaishe ta kamar yadda ake gaida baƙuwa.

Wak Dolah ya rame sosai a ranar. Ya ɗora goge a kafaɗa ya buɗe da wani sanyin kiɗa, aka bi shi. Can cikin tafiya hannunsa ya fara rawa, sautin ya karkace, ya tsaya cak yana haki. Mai ganga ya rikice ya saki. Yopi ya yi ƙoƙarin rufe wurin da gudun yatsu, ya ga ba ta yi, shi ma ya yi shiru. Tarmizi kaɗai bai tsaya ba. Ɗan gajeren sautin da ya fara da shi tun farko, shi ya ci gaba da bugawa a hankali, yana maimaitawa, bai ƙara ba bai rage ba, idonsa a kan tsohon. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar ruwa a ƙarƙashin katako. Aka daɗe a haka. Sannan Wak Dolah ya share bakinsa, ya ɗaga goge, ya sa ƙafa a kan sautin nan kamar mai hawa matakala, ya dawo. Ya kai kiɗan har inda yake so, daidai lokacin da Koh Abun ya ɗaga hannu.

Ranar Alhamis Allah ya yi wa Wak Dolah rasuwa.

Aka sa ranar nuna fim bayan addu'ar arba'in. Mawarni ta zauna gaban kiɗan ƙarshe na Wak Dolah, ta ga babu yadda za a nuna tsohon ba tare da wanda ke gefensa ba. Ko ta jefar da shi duka, ko ta bar shi duka. Ta ɗauki waya.

"Abang Tampol, ba kunyarka na ji ba. Kyamarata ce ta kasa ɓoye abin da ke raina, na ji tsoron Ayah ya gani. Na mayar da kai duk inda na cire ka. Gobe kowa zai gani, har shi. Ka yafe mini."

Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar.

"Na yafe tun ranar. Ki fito da wuri, Dek, zan tsallakar da ke."

Bayan isha'i aka ɗaura farin zanen gado a bangon shagon, aka kunna majigi. Jama'a suka cika gadar katako, wasu suna kallo daga cikin jirage. Pak Ramli yana layin gaba da baƙar hularsa. Aka yi dariya da aka ga Wak Dolah yana tsokanar Yopi, mata suka fara share hawaye. Duk wanda ke wurin ya ga inda kyamarar ke komawa, Mak Ngah ta rufe fuska da mayafi. Da aka zo kiɗan ƙarshe babu wanda ya yi ko tari. Bayan an gama Pak Ramli ya tashi ya tafi, bai kalli 'yarsa ba.

Washegari da hantsi Tarmizi ya ɗago kai ya gan shi tsaye a gaɓa.

"Tsallake, Pak?"

"Kai ni tsakiya ka kashe injin."

Ya yi yadda aka ce. Jirgin ya riƙa juyawa a hankali.

"Da Dolah ya tsaya, kowa ya tsaya. Kai me ya hana ka?"

"In na tsaya, Pak, ba shi da inda zai dawo."

"In da bai dawo ba fa?"

"Sai in ci gaba har a kira salla."

"Kullum haka kake yi? Abu ɗaya?"

"Shi ne aikina. Su suna yawo, ni ina tsare musu gida."

Pak Ramli ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Shekara da shekaru ina jin ku daga tsallake, sautin sama kawai nake ji. Na ƙasan ba ya ƙetare kogi." Ya mayar da tabarau. "Wanda ka turo mini na mayar da shi hannu wofi, ga shi ya tafi. Wa ya rage maka?"

"Kawuna, Pak. Da Koh Abun, in ka yarda."

"Su zo ranar Juma'a. Ka ce wa Abun ya taho da kofinsa, nawa ba shi da daɗi."

Aka ɗaura aure a wata Lahadi da safe. Tsofaffi suka yayyafa wa ango da amarya ruwan garin shinkafa a tafin hannu, suna addu'ar Allah ya sanyaya gidansu, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa su tsufa tare. Aka shimfiɗa tabarmi aka ci abinci a ƙasa. Yopi ya zo da fanka a kwali, ya rungume ango, ya ce a kunnensa, "Bakina ya yi tsawo, Mizi." Tarmizi ya ce, "Je ka ɗaura igiyar jitarka, la'asar ta kusa."

'Yan Lahadi suka jera kayansu a tsakar gida, suka bar kujera ɗaya da gogen Wak Dolah a kai. Kafin a fara aka kira ango ciki don a ɗauki hoto da dangin amarya. Mawarni ta matso kusa da shi ta ce a hankali:

"Wannan karon ba mai cire ka, Abang."

Suna ciki yayyafi ya fara. Kowa ya ruga da nasa kayan ƙarƙashin rumfa, aka ɗauke gogen, aka manta da bes ɗin ango jingine da kujera. Pak Ramli yana tsaye a bakin ƙofa. Ya waiga dama da hagu, ya sauka da sabon takalminsa har gaɓa, ya ɗauko shuɗin tampol daga cikin jirgi. Ya lulluɓe jitar, ya cusa gefen a ƙarƙashinta don kada iska ta yaye, sannan ya koma wurin baƙinsa yana karkaɗe ruwa daga hula.