Naman Layya a Daren Fitilu

"Nama, Sirajo? Nama ka kawo mana?!"

"Na rago ne," na ce. "Ba na saniya ba."

"To, sai me?"

"Ke kika ce Hindu ba sa cin saniya."

"Mu Hindu ne?"



Muna tsaye jikin motata, a ƙofar gidansu a garin Laurel, nan ƙasar Turawa. Magariba ba ta daɗe da wucewa ba. Daren bikinsu ne, an jera ƙananan fitilun kasko tun daga matakalarsu har ta maƙwabta, ba ka gane inda na wannan gida suka ƙare, na wancan suka soma.

Navjot ke nan. A sito ɗaya muke aiki, ita a ofis, ni ina tuƙa motar ɗaga kaya. Daga sakandare ban wuce ba, ba ta taɓa goranta min ba. Yau ta fara kai ni gaban mahaifinta.

Hajiyata ce ta cika kwanon. Soyayyen naman layya ne, wanda ta adana tun Sallah, ko ƙanwata Ɗija ba ta bari ta taɓa.

"Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana," ta ce. "Ka ce uban nata mai gemu ne da rawani? Ai namu ne."

Ban gyara mata ba. Ni ma ban san daga ina zan fara ba.

Da na shiga, na buɗe kwanon a tsakiyar tebur, cikin farantan alewa. Anti Kamla, maƙwabciyarsu 'yar Hindu, ta rufe hanci da gefen mayafi, ta ja baya. Mahaifin Navjot ya leƙa kwanon.

"Yankan ibada ne?"

"Ƙwarai, Baba. Ni na riƙe ƙafafun ragon ma."

Da alfahari na faɗa. Ya mayar da murfin a hankali. Sai Navjot ta fito da ni waje.

"Su Anti ba sa cin nama ko kaɗan," ta ce yanzu. "Baba kuwa ya ɗauki alkawarin addinin Sikh. Duk dabbar da aka yanka irin yankanku, haramun ce gare shi."

"Amma bikinku ɗaya da su..."

"Dare ɗaya. Ba biki ɗaya ba."

"Ban gane ba."

"Yaushe ka taɓa tambaya? Kullum sai 'hasken idona', 'rabin raina'... Rabin ran naka wace ce, Sirajo? Ka sani?"

Na dubi fitilun. Iri ɗaya. Mai ɗaya. Har ashanar ma ɗaya na ga suna miƙa wa juna. Kaina ya ɗaure.

Ƙofa ta buɗe. Mahaifinta ne, rawaninsa shuɗi, kwanon Hajiya a hannunsa. Na rusuna.

"Baba, a yi haƙuri. Ban sani ba."

"Tashi, ɗana. Na san girmamawa in na gan ta." Ya yi ɗan murmushi. "Naman yana wurin Constance, malamar asibitin nan ta tsallaken titi. 'Yar ƙasarku ce, tana cikin falo. Har rawa ta taka."

Ya miƙo min kwanon. Da nauyi. Na ɗaga murfi, cike yake da alewar madara da ta garin wake.

"Mu ma ba ma mayar da kwano wayam," ya ce.

Zuciyata ta ɗan sauka. Ya nuna fitilun da haɓarsa.

"Kamla tana kunna nata ne don wani sarkinsu da ya dawo gida bayan doguwar hijira. Ni ina kunna nawa don malaminmu na shida. An ɗaure shi a kurkuku, da aka sake shi ya ƙi fita sai da sauran sarakunan da ke ɗaure, su kuwa Hindu ne. Ka ga dalilin da ba zan kunna nawa ni kaɗai ba."

"Na gani, Baba."

"Tun Navjot na rarrafe muke jera su tare. Ina cin abincinta, tana cin nawa. Ba ta taɓa cewa in kwance rawani ba, ban taɓa cewa ta bar allolinta ba." Ya numfasa. "Bara ɗanta ya nemi auren yayar Navjot. Yaron kirki, a hannuna ya girma. Na ce a'a."

Navjot ta sunkuyar da kai.

"Kuma ga su nan a falona suna shan shayi," ya ce. Ya ɗauki fitila ɗaya daga matakala, ya ɗora min a tafin hannu. "Ka zo kowace shekara. Ƙofar nan a buɗe take. Ka gaishe da mahaifiyarka."

Ya shige.

Kwano a hannun hagu, fitila a dama. Kaskon yana ƙona min tafi, na kasa ajiyewa.

"Karɓata ya yi, ko korata?" na ce.

"Na yi zaton in ya gan ka..." Ta kasa ƙarasawa.

"Navjot, ina son ki. Wallahi! Zan turo manya. Kawuna na garin Lanham ya iya magana."

"Su zo su ce me?"

"Su nemi aurenki."

"A wane ɗakin ibada za a ɗaura?"

Ban yi wannan tunanin ba. Ko dai na yi, na danne.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na san Hajiya ce, so take ta ji ko sun ci, ko sun yaba. Babu hannun da zan ɗauka da shi.

Navjot ta share ido. Ta ja hannun rigarta sama, ta nuna min awarwaron ƙarfen nan da ban taɓa ganin ta cire ba. A da na ɗauka ado ne.

"Baba ne ya sa min irinsa tun ina jaririya," ta ce. "Da shi ake gane mu. Da shi zan bar duniya."

Daga ciki Anti Kamla ta kira sunanta. Ba ta waiga ba. Wayar ta katse, ta sake farawa.

"Masoyi, faɗa min gaskiya... Ran da Hajiyarka ta san ma'anarsa, za ta bar ni in shiga ɗakinka da shi a hannuna?"