Lalle a Hannun Goggo Zulaiha

A unguwar Gamboru ta Maiduguri akwai wata yarinya 'yar aji biyar, mai son kwalliya kamar me. Ba ta ganin fili ta ƙyale shi. Bangon ɗaki, bayan littafi, har murfin tukunya, duk sai ta zana musu fure. Lalle kuwa, a faɗi gaskiya, ta iya shi.

Wata Juma'a gidansu ya cika maƙil. Mamanta ta haifi namiji, washegari suna. Ƙamshin turaren wuta ya gauraye ko'ina. Mata suna zaune a tsakar gida ana yi musu lalle.

A cikinsu akwai Goggo Zulaiha, ƙanwar babanta. Shekarun baya injin markaɗe ya cinye mata hannun dama. Yanzu tana da hannun roba mai aiki da batir, wanda wani injiniya, Malam Pindar, ya haɗa mata. Yatsun suna motsi, kuma suna jin abin da suka taɓa. Idan ta riƙe abu, hannun yakan ɗan girgiza mata dantse, sai ta san ƙarfin da ta sa.

A gidansu, ƙanwar uba ce ke riƙe jariri ranar suna, wanzami ya yi masa aski.

"Tun da na rasa hannuna ban sake ɗaukar jinjiri ba," in ji Goggo. "Tsoro nake ji. Amma gobe kam, in Allah ya yarda, ni zan riƙe ɗan yayana."

Yarinyar ta dubi hannayen Goggo. Na hagu ya sha lalle, na dama kuwa fayau. Abin ya ba ta tausayi.

"Goggo, wannan fa? Ba za a yi masa ba?"

"A'a, 'yata. Wannan ba a sa masa komai. A bar shi yadda yake."

Da yarinyar ta ce "Me ya sa?" da magana ta ƙare. Amma ina! Sai ta ce a ranta, "Kunya ce kawai Goggo take ji."

Bayan azahar Goggo ta cire hannun, ta sa shi a caji, ta ɗan kishingiɗa. Yarinyar ta lallaɓa da ragowar lalle. Ta zana furanni a bayan hannun. Sannan ta lafta wa kan yatsun lalle, kamar yadda ake yi wa amare. Da ya sha iska ta goge da tsumma, tana ta murmushi ita kaɗai.

Goggo ta farka, ta gani, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Goggo! Ya yi kyau, ko?"

Goggo ta zare wayar caji. Ta ɗaura hannun, ta ce a kawo mata ƙwai. Da ma da ƙwai take gwada shi kullum. Ta miƙa yatsu ta ɗauka. Fas! Ƙwan ya fashe, ya dalalo mata a zane.

"Ba na jin komai," in ji Goggo a hankali. "Yatsun sun daina ji."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi, da jaririn ne fa?"

Nan take yarinyar ta sunkuyar da kai.

Mama ta ɗaga labule ta leƙo. "Ke! Ba a gabana aka ce miki a bar shi ba? Wannan wane irin rawar kai ne?"

"Ƙyale ta," in ji Goggo. "Gobe sai wata ta riƙe shi." Ta juya fuska, amma yarinyar ta ga hawayenta. Wallahi da duka aka yi mata da ya fi mata sauƙi. Ta fashe da kuka.

Ana cikin haka Baba ya dawo daga Kasuwar Kifi ta Baga Road, inda yake sayar da busasshen kifi. Ya ji abin da ya faru. Bai yi faɗa ba. Ya buga wa Malam Pindar waya, aka ce su zo maza kafin a rufe.

"Ke ma sako hijabinki," in ji Baba. "Ke kika yi, ke za ki faɗa da bakinki."

Suka tari Keke Napep su uku, har da Goggo. Duk tsawon hanya yarinyar ba ta ɗaga kai ba.

Malam Pindar dattijo ne mai fara'a. "Wushe, wushe," ya yi musu sannu da zuwa, ya ba su kujeru. Yarinyar ta faɗa masa komai.

Ya sa yatsa ɗaya na hannun robar ƙarƙashin gilashin da ke ƙara girman abu. "Zo ki duba."

Ta leƙa. Ashe kan yatsan cike yake da wasu 'yan gasusuwa ƙanana, waɗanda ido ba ya gani. Duk sun manne cikin busasshen lalle, kamar ciyawa a taɓo.

"Babanki mai kifi ne," in ji Malam Pindar. "Kin san gashin bakin tarwaɗa?"

"Na sani, Malam."

"To, tarwaɗa a gurɓataccen ruwa take zama, ba ta gani sosai. Da gashin nan take lalube, ta ji abin da ke kusa da ita. Shi muka kwaikwaya. Waɗannan 'yan gasusuwa, ko ƙuda ya sauka a kansu sai sun lanƙwasa, su sanar da Goggonki. Lallenki ya ɗaure su, ba sa motsi."

"Za su gyaru?" ta tambaya.

"Idan ba su karye ba. Kin kankare da farce?"

"A'a, da tsumma na goge."

"To, kin auna arziki. Riƙe mini tocila."

Ya ɗauko wani ɗan buroshi mai laushi da ruwan wankewa. Ya shiga aiki, yatsa bayan yatsa, ba gaggawa. Hannun yarinyar ya gaji, amma ba ta sauke tocilar ba. Addu'a kawai take yi a zuci.

Da ya gama, Baba ya karɓo ƙwai a wurin mai shayin bakin titi. Goggo ta ɗaura hannun. Ta yi bisimilla, ta ɗauka. Kowa ya zuba ido. Ta ɗaga ƙwan sama, ta juya shi, ta ajiye shi lafiya lau.

"Ina ji! Wallahi ina ji!"

"Alhamdu lillahi!" in ji Baba. Yarinyar ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta durƙusa.

"Goggo, ki yafe mini."

"Na yafe, 'yata. Na san don kina sona kika yi."

Malam Pindar ya yi dariya. "Furannin nan na baya kuwa sun yi kyau, kuma ba su ɓata komai ba. Da kin tambaya, da na ce ki zana a nan, ki bar kan yatsu."

Washegari aka raɗa wa jariri suna Mahfuz. Wanzami ya zo da zabirarsa. Goggo ta zauna a tabarma, aka miƙa mata jaririn, ta karɓe shi da hannu biyu. Ana cikin aski, Mahfuz ya miƙo ɗan hannunsa ya damƙe yatsan roba.

"Ya riƙe ni," in ji Goggo, tana dariya tana hawaye. "Ku zo ku gani, ina jin riƙonsa!"

Yarinyar ta matso ta jingina da kafaɗar Goggo. Tun daga ranar ta gane cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba. Abin da ba naka ba, kuma ba ka san yadda yake aiki ba, kada ka taɓa shi sai ka tambaya. Ai matambayi ba ya ɓata.