Zare Ɗaya, Hannu Biyu

"Mama, tun safe ko kallon Anurak ba ki yi ba!" Tilda ta faɗa ƙasa-ƙasa, suna cire takalma a ƙofar haikalin Buddha.

"Yawon buɗe ido na zo, ba kallon samari ba," in ji Gunnel.

Kai, matar nan akwai taurin kai! Ita ce fa ta ɗauko Tilda tana jaririya daga gidan marayu a nan garin Lampang, ta kai ta Sweden, ta raine ta kamar ta haɗiye don so. Yanzu yarinya ta dawo ƙasar haihuwarta koyarwa, ta kamu da son Anurak, tana son zama. Amma ta ƙudurta a ranta, in Mama ba ta sa albarka ba, babu aure... ko da zuciyarta za ta fashe.

"Baba, ka sa baki mana!"

Bosse, mijin Gunnel, na fama da zanen da aka ɗaura masa don rufe gwiwa. "Ku rufa min asiri, ni zanen nan ma ya ishe ni."

A ciki, malamin ibada ya yi addu'a a kan farin zaren da ake ɗaurawa a hannu don albarka. Da yake ba ya taɓa mace, sai ya ajiye shi gaban wata tsohuwa. Tsohuwar ta yi tambaya, Anurak ya fassara: "Wai ina uwar yarinyar?"

Idon tsohuwar ya tsallake Baturiyar, yana neman mai kama da Tilda. Gunnel ta sunkuyar da kai, ta ja da baya. Tausayi ya kama Tilda, ta cafko hannunta.

"Ga ta nan! Ba ni da wata."

Gunnel ta naɗa mata zaren. Sai kawai ta fizgo hannun Anurak, ta ɗaure shi da ragowar. Tsofaffin wurin suka ɗauki tafi!

Tilda ta zaro ido. "Mama... ba ki sani ba. A nan ango da amarya ake haɗawa haka. Bari a kwance..."

"Kul! Me kike tsammani ya sa na tsare matar otal da tambaya ɗazu?" Hawaye ya zubo wa Gunnel. "Tsoro nake ji, 'yar lelena. Na zaci in ƙasar nan ta karɓe ki, ni an gama da ni."

"Haba Mama!"

Tilda ta saki wata ajiyar zuciya, ta faɗa jikinta, zaren ya janyo Anurak tare.

Gunnel ta harare shi. "Kai kuma, duk Kirsimeti ka kawo min ita, ko sanyi zai kashe ka."

"Na yarda, Mama," in ji shi.

Ta buɗe baki za ta hana shi kiranta Mama, sai ta fasa.