Allurar Arzika Tela

Cikin shekara biyu da rabi Sakkwato ta binne sanannun mutane uku: ɗan kokawa, ɗan fim da ɗan siyasa. Kowannensu likita ya laƙaba wa mutuwarsa suna, wannan zuciya, wancan hawan jini. Mutum ɗaya ne a garin ya san abin da ya haɗa gawawwakin nan, shi ne telan da suka kai wa ɗinki.

Arzika tela ne a Unguwar Rogo. Shagonsa bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, keken ɗinki ɗaya da benci. Amma hannunsa ba a magana, in ya yi wa babbar riga aiki a wuya sai ka ce zana shi aka yi. Abin da ke cin ransa shi ne manyan shagunan Sama Road ke kawo masa aiki, ya ɗinka, su liƙa sunansu a wuyan rigar su sayar wa manya. Shekara goma sha bakwai yana ganin ɗinkinsa a talabijin, a jikin mutanen da ba su san yana duniya ba. Matarsa Dijatu takan ce, "Malam, muna ci muna sha, Mariyatu na karatunta. A gode wa Allah." Sai ya ce haka ne, ya juya mata baya.

Wani direban tifa da ke kawo masa ɗinki ne ya kwatanta masa wurin wani boka. Ran wata Talata da rana tsaka Arzika ya rufe shago, ya hau babur ya wuce Kalambaina, ya bar kwalta ya bi wata hanyar ƙasa har ta ƙare a bakin tsohon ramin da aka daina haƙar dutse. A ƙasan ramin akwai bukka da aka rufe da tsofaffin buhuna. Ga zafi kamar gari zai kama wuta, amma da ya fara gangarawa sai ya ji sanyi na hawa masa daga tafin ƙafa. Ko ƙuda babu a wurin.

Ya yi sallama. Wata murya ta ce, "Bar sallamarka waje tare da takalminka."

Ya bar su, ya shiga. An zagaye ɗakin da jan ƙyalle da baƙi, ƙahonni na rataye, wasu da gashi a jikinsu har yanzu. A tsakiya an binne wata tukunya har wuya, an jera ƙasusuwan ungulu a bakinta, baƙin ruwan da ke ciki yana motsi ba wanda ya taɓa shi. Bokan siririn dattijo ne, tufafinsa tsaf, farcensa a yanke. Wannan tsabtar ta fi ƙahonnin ba Arzika tsoro.

"Mi kaka so?"

"Suna nika so, da dukiya. Na gaji da yi wa wasu aiki." Ya ƙara da cewa, "Amma ba ni zubar da jini. Ba ni ba da ɗiyata, ba ni ba da matata."

Boka ya yi murmushi. "Wa ya tambaye ka matarka? Wa ya san ta? Mai tukunyar ga ba ya kallon wanda ba a sani ba. Hasken mutum shika so, mutumin da gari duka ka kiran sunanai."

"Hasken kawai?"

"Ka ji abin da na ce."

Arzika ya ji, ya kuma gane ba a amsa masa ba. Bai sake tambaya ba.

Boka ya sa hannu cikin tukunyar har gwiwar hannu, ya fito da allura baƙa, doguwa, marar kafa. Ya kama babban yatsan Arzika ya soke, ya ɗiga jini sau uku a ruwan, ya sa shi ya sunkuya ya faɗi sunansa da na mahaifiyarsa a bakin tukunyar. Ruwan ya tsaya cak. Daga can ƙasa wani abu ya maimaita sunan, da muryar Arzika kansa.

"Ba ka ɗinki da ita," in ji boka. "Aje ta cikin akwatin kekenka. Ta san aikinta."

Arzika ya ciro kuɗi, boka ya ture hannunsa. "Tahi. Ba kai ka biya ba."

Sanannen mutum ɗaya ne ke shiga shagon Arzika a lokacin, Gidaɗo Ƙarfen Jirgi, ɗan kokawar da ya kai shekara biyar bayansa bai taɓa ƙasa ba. Tare suka yi wasan ƙasa, kuma ko da Gidaɗo ya ci mota a gasa, bai canza tela ba. Kwana tara da zuwan Arzika ramin, Gidaɗo ya kawo farar shadda, za a karrama shi. Ya zauna kan benci, bencin ya yi ƙara, ya ce, "Arzika, ka yi min wadda za a tambaya."

Washegari da safe Arzika ya buɗe shago ya tarar da allurar a tsaye a wuyan shaddar. Ya daɗe yana kallonta. Ya zare ta ya mayar akwati, ya gaya wa kansa cewa iyakarta Gidaɗo ya sha kaye sau ɗaya ko biyu. Ya ɗinka rigar.

An kuwa tambaya. A gaban kyamara Gidaɗo ya daki ƙirji ya ce, "Abokina Arzika na Unguwar Rogo ya yi ta." Kafin mako ya zagayo motoci sun toshe lungun.

Kwana arba'in bayan haka, da la'asar, Arzika na cikin 'yan kallo a filin kokawa. Makaɗa na kiɗa, Gidaɗo ya fito yana kirari, ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya murza a hannu. Abokin karawarsa bai ko taɓa shi ba. Gidaɗo ya dafe wuya, ya durƙusa, ya kifa. Kiɗan ya ci gaba na ɗan lokaci, don makaɗan sun ɗauka salo ne.

Arzika na cikin waɗanda suka yi masa wanka. A gindin maƙogwaronsa ya ga wani ɗigo baƙi, ƙarami kamar ƙwayar gero. Ya ɗora yatsa a kai ya rufe har aka ja likkafani.

Dukiya ta zo kamar an fasa madatsa. Shago mai hawa biyu a Sama Road, kekuna goma sha huɗu, gida, mota. Ana ce masa Alhaji tun bai je ba. Shi kuwa abinci ya daina yi masa daɗi, kullum da safe akwatin tsohon kekensa yake fara buɗewa.

Na biyu shi ne Mode Tsintsiya, ɗan fim ɗin barkwancin da yara ke kwaikwayon tafiyarsa a titi. Da Arzika ya hango shi yana shigowa da yadi a hammata, sai ya tare shi a ƙofa ya ce aiki ya yi masa yawa, sai bayan wata shida.

"To, in jira," Mode ya ce, yana kashe wa ma'aikata ido. "Kafin nan na rame, yadin ya isa har da hula." Shago ya fashe da dariya, ya ajiye yadin ya fita.

Da safe allura na jikin yadin. Arzika ya kai shi bayan gari ya ƙone, ya sayo irinsa, ya ba wani tela a wata unguwa ya ɗinka. Bai hana komai ba. Kwana arba'in, ana tsakiyar ɗaukar fim, Mode ya dafe wuya ya faɗi, masu kyamara suna ta dariya har mai ba da umarni ya ce ya isa, ya tashi. Bai tashi ba.

Arzika ya tsaya kan gada ya jefa allurar cikin gulbin Rima, ya ga nutsewarta da idonsa. Washegari tana cikin akwati, a bushe.

Na uku ɗan majalisa ne, Honorabul Auwalu, wanda ake kira Mai Rijiya saboda ƙauyukan da ya haƙa wa ruwa. Bai ma zo da kansa ba, direba ya aiko da shadda. Da Arzika ya ga allura a jikinta sai ya tafi gidansa, ya jira awa uku a zaure, aka shigar da shi. Ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada ka sa rigar da ta hito shagona. Ka nemi addu'a."

Honorabul ya dube shi da tausayi. "'Yan adawa sunka tsorata ka? Alhaji, tun da na shiga siyasa ake ce min gobe zan mutu. Tashi, Allah na nan."

Arzika ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, ya tuna shagon, da gidan, da yadda za a dube shi. Ya rufe. Ranar ta arba'in Honorabul ya yanke jiki ya faɗi a kan dandamali yana buɗe sabuwar rijiya, lasifika a hannunsa. Mata daga ƙauyuka goma sha ɗaya suka zo ta'aziyya a ƙafa.

Daga maƙabarta Arzika ya wuce ramin. Ya ajiye allurar a gaban boka. "Karɓi abinka. Ka karɓi shagon, ka karɓi gidan."

"Ba nawa ba ne," boka ya ce. Yau ba murmushi a fuskarsa. "Ni ma da ƙahwata na gangaro ramin ga, kamar kai. Ina da ɗiya huɗu sa'annan."

"To yaya aka tsai da ita?"

"Da na sani, da ka iske ni nan?"

Arzika ya koma ya cire allon shagonsa, ya hana karɓar ɗinkin duk wani sananne, ya hana iyalinsa ɗaukar hoto da zuwa biki. Dijatu ta ɗauka tsoron masu satar mutane ne. Wata biyar allura ba ta motsa ba, har ya fara samun barci.

Abin da bai lura da shi ba, saboda ya daɗe ba ya zama a gida, shi ne Mariyatu. Shekararta goma sha bakwai, ta haddace Alƙur'ani, makarantarsu ta sa ta musabaƙa. Ita da uwarta suka ɓoye masa, suna so su ba shi mamaki. Yana cikin mota da hantsi ya ji rediyo na faɗin wadda ta zo ta ɗaya a jiha: Mariyatu Arzika. Aka sa karatunta. Mai shayin bakin titi ya ƙara murya, masu babur suka tsaya suna saurare.

Ya isa gida ya tarar mata sun cika tsakar gida ana guɗa. Dijatu ta tare shi fuska cike da fara'a. "Malam, ga farin yadi na sayo, a ɗinka mata hijabin karɓar kyauta." Ta warware shi a gabansa. Allurar na tsaye a tsakiya.

Ya ja ta ɗaki ya gaya mata komai, tun daga ramin. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Gidaɗo da ke ci a kwano ɗaya da kai?" Ya ce shi. Ta ce, "Kwana nawa?" Ya ce arba'in.

Babu abin da ba su yi ba. A asibiti aka auna yarinyar aka ce lafiyarta ƙalau. Arzika ya rufe shagon, ya raba kekuna, ya sayar da mota ya yi sadaka. Ya je gaban limamin unguwarsu ya faɗi abin da ya aikata. Liman ya ce, "Rai na hannun Allah, allura ba ta da ikon kanta. Amma kai ka yarda a cuci bayin Allah don ka samu, kuma sau uku kana gani ka yi shiru. Ka tuba, ka tahi ka gaya wa iyalansu. Abin da zai biyo baya ba ni da saninai."

Ya je gidan Gidaɗo. Tsohuwar uwarsa ta saurare shi har ƙarshe, ta ce a fitar mata da shi.

Mariyatu ta ji, don gidan ba ya ɓoye kuka. Ta same shi zaune a ƙofar ɗakinta, inda ya koma wuni kullum yana ƙirga kwanaki. Ta zauna kusa da shi ta ce, "Baba, in kwanana sun ƙare, ba wannan abin ya ƙarar da su ba. Ni ba ni jin tsoro. Kai nika ji wa."



Ranar ta arba'in da hantsi tana tilawa a tsakar gida, uwarta na gefe ta riƙe mata gefen hijabi kamar mai tsoron iska ta ɗauke ta. Ta kai ƙarshen aya, ta ja numfashi za ta shiga ta gaba. Arzika ya jira ayar. Har yau jiranta yake.

Dijatu ba ta sake magana ba tun ranar da aka binne Mariyatu. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Wurno, an ce in an ba ta abinci takan raba biyu ta ajiye rabi. Gidan ya zama kango, ba mai saye, ba mai haya. Arzika kuwa, in ka bi Sama Road da rana za ka gan shi, ɗaure da ƙyalle ɗaya, don ba ya yarda abin da aka ɗinka ya taɓa jikinsa. Duk fastar da ya gani a bango, ta ɗan takara ce ko ta fim, sai ya sa farce ya kankare sunan, har yatsunsa su yi jini. In an kore shi sai ya ce, a hankali, "Taimakonsa nika yi."

Wanda zuciyarsa ke raya masa cewa an bar shi a baya, ya saurara da kyau. Ba a tilasta wa kowa zuwa wurin boka, da ƙafarsa yake zuwa, amma wannan ne zaɓi na ƙarshe da za a bar masa. Ba shi zai zaɓi wanda zai biya ba, ba shi zai ce ya isa ba. Zai sayar da imaninsa, ya ci dukiyar da ba ta ƙoshi, sannan a zaunar da shi ya kalli abin da ya fi so a duniya yana tafiya, hannunsa biyu a cinya. Allah Ya tsare mu da kwaɗayi, Ya wadata mu da halalinmu komai ƙanƙantarsa.