Muryar Ayuba a Kowane Ɗaki

Sufeto Sheshi bai gama karin kumallo ba aka kawo rahoton sata a sabon gidan Malam Mudi, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, can Chanchaga. Kafin ya isa, kofur ya riga ya jefa Yona mai gyaran rediyo a sel. Haka aikin yake, talakan da ya fi kusa shi ne ɓarawo.

"Me aka ɗauka?"

"Amfilifaya, yallaɓai, mai cin kaset," in ji Mudi. "Yona ne ya ja mini waya daga falo, ya sa sifika a kowane ɗaki har kicin. Shi ya san hanya. Kotu za ta raba mu."

Sheshi ya duba. Ba a ɓalla ƙofa ba, ga talabijin a zaune. Wayoyin kuwa da wuƙa aka daddatse su.

A caji ofis Yona ya yi ta rantsuwa. "Oga, ni da sukundireba zan yanka waya da wuƙa? Iri biyu na nuna masa. Mai tsada, kowane ɗaki da makunninsa. Mai araha, abin da ya kunna a falo dole kowa ya ji. Na ce Baba, araha ba ta ado. Ya ce gidansa ne."

"Me yake kunnawa?"

"Kaset ɗaya ne kullum. Karatun ɗansa Ayuba, wanda mota ta kashe a hanyar Beji bara."

Sufeton ya koma gidan, ya tarar da matar Mudi, Azumi, tana tankaɗe.

"Mama, karatun yana damunki?"

"Wa karatu zai dama? Ina jin daɗinsa."

Sheshi ya ɗaga kai. Sifikar kicin an cusa mata tsumma, an ɗaure da tsohon zane, ɗauri irin na wanda ya gaji. Ya kira Mudi ya nuna masa. Mutumin da ya gina gidan bai taɓa leƙa kicin ɗinsa ba, abin haushi.

"Wa ya ɗaure wannan, Mama?"

Ta ajiye rariya. "Ni ce. Akwatin amfilifayar ma ni na ɗauka. Yana cikin kogi, har da kaset ɗin."

Mudi ya dafa bango. "Muryar Ayuba? Ba ni da wani kaset, Azumi. Me ya hana ki faɗa mini?"

"Da wane baki, Malam? Ɗan fari ne. Yana raye ban taɓa kiran sunansa ba. Da ya rasu mata suka zuba mini ido, ban yi kuka ba, aka ce na yi kunya. Sai in zo in ce maka muryar yaron nan tana kashe ni? Ina tuƙa tuwo yana karatu, in gudu ɗaki in tarar da shi. Kai kana da makunni, ni ba ni da shi."

"Kika bari aka kulle ɗan mutane," in ji Sheshi.

"Wannan kam na ci amanarsa. A sake shi."

Sufeton ya dubi Mudi, yana jiran ya ce a bar maganar a gida. Mudi ya kawar da kai.

"Doka ta yi aikinta," in ji Mudi.

Azumi ta wanke hannu, ta yafa mayafi. A bakin mota ta tsaya.

"Ɗana, a sel ɗin naku akwai sifika?"

"Babu, Mama."

"To, mu je."