Furar Nana Firdausi

"Wallahi ba inda za ni da ita!"

Zinariya ta fizge ɗankwalin da mijinta Habibullah ke fama ya ɗaura wa 'yarsu Nana Firdausi.

"Haba Zinariyata... bikin ƙaninki ne fa!"

"In ta faɗi a gaban mutane fa? Ka san danginmu na Ɗanzomo, cewa suke yawun mai farfaɗiya ana ɗauka. Su guje mini 'ya ina kallo? Ba zan iya ba!"

"Likita ya ce ba a ɗauka. Ta sha maganinta?"

"Ta sha."

"To hau babur, ranki ya daɗe."

Zinariya akwai tsiwa, amma da Habibullah ya langaɓar da kai an gama da ita. Haka suka bar Gumel tana mita yana dariya.

Abin da take tsoro kuwa sai da ya faru. Ana tsakiyar kiɗan ƙwarya Nana ta sandare, ta zube tana jijjiga. Mata suka dare, kowa na janye ɗanta. Goggo Cindo, yayar baban Zinariya, ta rugo da cokali za ta cusa wa yarinyar a baki.

"A'a Goggo! Ba a sa komai!"

Zinariya ta kwantar da Nana ta gefe, ta tura mayafi ƙarƙashin kanta, ta jira har jikin ya saki.

Sai da Nana ta wartsake sarai ta ce fura take so. Goggo ta zubo a wani tsohon kofi mai tsaga, ta miƙo daga nesa.

"In ta gama a jefar da shi."

Wannan maganar ta fi faɗuwar yi wa Zinariya ciwo. Hawaye suka cika mata ido.

Sai ga Habibullah ya faɗo cikin mata ko sallama babu, takalmi ƙafa ɗaya. Ya ji abin da Goggo ta ce. Ya durƙusa, ya karɓi kofin daga bakin Nana, ya ɗaga kai ya shanye tas.

"Abba ya shanye mini!" Nana ta ɓare baki.

"Yi haƙuri gimbiya. Goggo, damun nan naki sai an ƙara. A kofin nan dai."

Wata ta tuntsire da dariya, sauran suka kama. Goggo ta cika kofin, ta tsaya tana jujjuya shi.

"Bari in ji ko sukari ya ji..."

Ta kurɓa. Sannan ta zauna a tabarma, ta ɗora Nana a cinyarta, ta kai mata kofin baki da hannunta.

Zinariya ta dubi mijinta, fura dumu-dumu a gashin baki, ta ji son shi ya cika mata ƙirji.

"Baban Nana... goge bakinka, kana ba ni kunya."

"Ke goge idonki tukuna."