Telana da Maganin Tsinka Jini

Almakashi nake nema a aljihun keken ɗinkinsa, sai hannuna ya faɗa kan kwalin maganin.

Ko ɓare shi ba a yi ba.

"Masoyi... mene ne wannan?"

Ƙafarsa ta tsaya cak a kan keken. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Tun yaushe ka daina sha?"

"An ɗan kwana biyu," ya ce a hankali.

Na zube kan tarin yadudduka. Bara war haka a wannan shagon ya yanke jiki ya faɗi, bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki. Likita ta ce zuciyarsa ce ke bugawa ba daidai ba, har jini ya yi gudaji ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. Ta ɗora shi kan maganin tsinka jini, Allah ya tashi kafaɗunsa, ya koma ɗinki.

Matsalar ta faro ne ranar da Gwaggo ta kawo ɗinki, allura ta soke shi, jini ya daɗe bai tsaya ba. Kafin la'asar ta kai wa Umma labari: wai jinin saurayina ya zama ruwa! Da ma ɗanta take yi wa sha'awata.

"Ɗan Gwaggonki ne ya same ni," in ji shi. "Ya ce muddin ina shan magani, a gidanku majinyaci ake kallona. In na daina, za su yarda na warke."

"Kai kuma ka hau ka zauna? Ka taɓa ganin kura ta ba akuya shawarar wurin kwana?"

Dariya ta kusa kufce masa, amma da ya ga hawayena sai ya nutsu.

"Tsoron rasa ki nake yi, zuciyata."

"To ni fa? In ka sake faɗuwa, wa zan aura, keken ɗinkin?"

Washegari na lallaɓa Umma ta raka mu asibiti. Ta tafi tana cika tana batsewa.

Likita ta duba shi tsaf, ta yi masa faɗa kamar ƙaninta, sannan ta juyo wajen Umma.

"Mama, jininsa bai zama ruwa ba. Maganin hana shi daskarewa yake inda bai kamata ba. In ya yanke, ya danne wurin sosai. In jinin ya ƙi tsayawa ko ya bugu a ka, ku garzayo nan. Kada ya haɗa da wani magani sai ya tambaye ni. Babban haɗarin shi ne ya daina da kansa."

Umma ta gyara mayafi, ta rage murya.

"Likita... zai haihu kuwa?"

"Umma!" Na rufe fuska.

Likita ta tuntsire da dariya. "Wannan maganin bai hana ba, sauran na Allah ne."

A hanya Umma ta tambaye shi wanda ya ba shi wannan gurguwar shawara. Ya yi ta kame-kame don kada ya haɗa zumunci faɗa, ni ce na fasa ƙwan. Ban san me ta faɗa wa Gwaggo ba, na dai san ɗanta ya daina bi ta layinmu.

Bayan watanni aka ɗaura mana aure. Da hannayensa biyu ya ɗinka rigar da na sa, har da na hagun.

Yanzu kullum da safe wayata sai ta yi ƙara. In na ɗauka da murnata, "Umma, ina kwa..."

"Ke, ba wa ɗana wayar. Ya sha maganinsa?"

Ni da ta haifa, sai sun gama hirarsu ake tunawa da ni.